Neman shawara: 504 ɗin mahaifina da 505 da na saya don in cire mata inji

Ɗan Garin Malam: Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan kaina ya ɗaure. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 bashe, wato mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya, fara, haɗin Kaduna. Da ita ya ci da mu, mu tara. Alhamis yana kasuwar Dole a nan Damagaram, Lahadi yana Mirriya, lokacin sanyi ya ɗauko rake daga wajen Matamaye. A bayanta na girma, a kan buhunan gero nake barci in mun yi dare. Watanni kaɗan kafin rasuwarsa tiyon ruwa ya fashe a hanyar Mirriya, bai lura ba sai da inji ya buga. Aka jawo ta gida, shi kuma ciwo ya kwantar da shi, bai sake tashi ba. Shekara 5 ke nan tana ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, tazbaharsa na nan rataye a madubi, ban bari kowa ya taɓa ba. Da aka zo rabon gado yayana ya ce a sayar wa masu sayen ƙarfe a kilo. Na ƙi, na biya ƴan'uwa kasonsu da guminna, har yau akwai wanda ba ma gaisawa sosai saboda maganar.

To, watan jiya na samu 505 da aka daka wa baya a hanyar Magarya, gabanta lafiya lau. Na saya jikka 400 (jikka ɗaya sefa dubu ce), kuɗin raguna biyu da adashin maiɗakina da ta ara mini. Niyyata in cire injinta in sa wa bashe. Yanzu bakanike na ce mini sai an haɗa da buwat ɗin 505, wato akwatin giya, kuma in kawo jikka 300. Jikka 120 ce ta rage mini. Inji kaɗai zan ɗauka ko har da buwat? Ina so ta tashi kafin kaka in samu ɗaukar wake da gero.

Abu Hanifa Zango: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma ɗan'uwa ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Wane inji ne a cikin 505 ɗin? Ka ji tashinsa da kunnenka? Takardunta fa?

Baba Mai Gareji: Yaro, saurara da kyau, shekara 34 ina cikin Peugeot, tun ina riƙe wa maigidana fitila. 505 ba inji ɗaya ba ne. Akwai mai XN1, lita 2, mai kafireta, wanda yake kwance a karkace, sarƙa ke juya shi a ciki. Wannan shi ne ɗan gidanku, uwa ɗaya uba ɗaya da na 504, zai zauna kamar don ita aka yi shi. Akwai kuma mai bel, wanda ake samu a GTI da ire-irenta, lita 2.2, mai injeksiyo da wayoyi birjik. In shi ne ka saya, to ka sayo wa kanka ciwon kai. Akwai na gazuwal kuma, wato dizal. Buɗe bonet ka duba: in akwai kafireta a sama kuma babu murfin bel a gaban inji, ka gode wa Allah.

Maganar buwat kuwa, bakanikenka neman aiki yake yi. Buwat ɗin bashe ya lalace ne? Inji ne ya buga, ba buwat ba. Giyar basheku a sitiyari take ko a ƙasa? In a sitiyari take, ka sa na 505, sai an fasa ƙasan mota an fitar da sanda, sai an auna ƙarfen da ke kai juyi ƙafar baya, wataƙila a yanke a yi walda. Wa zai biya? Bar buwat ɗinka a wurinsa. Ka ɗauki ƙafafun inji na 504 ka ɗaura wa sabon, ka sa faifan kuloci sabo tunda inji na waje, ka sake tiyoyin ruwa duka, a wanke lagireto. Abin da ya kashe injin mahaifinka ke nan, kada ka bari ya kashe na biyu. Jikka 120 za ta kai in ba a yi maka wayo ba.

Ɗan Garin Malam: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Kafireta ce a kai, na gani da idona, kuma giyarmu a sitiyari take. Malam Abu Hanifa, gaskiya ban ji tashinsa ba, don babu batir a jiki ranar da na je. Amma mai motar dattijo ne, ya rantse mini tana tafiya aka buge ta. Kuma mun sa sifana mun juya, yana juyawa sumul. Ba da ka na saya ba.

Direban Tanut: Ni abin da zan ce maka, kada ka kuskura ka kai motocin nan biyu gareji ka baro su. Starlet ɗina wata 14 ta yi a wani gareji, ba zan kama suna ba. Na kai ta don ringi kawai. Kullum gobe, kullum yaro ya tafi Kano sayen kaya. Ranar da na je ɗaukarta da ƙarfin tsiya, batir ba nawa ba, kafireta ba tawa ba, har safaya taya an canza mini da wata mai faci huɗu. Na kai ƙara wurin shugabansu, aka ce in yi haƙuri, mutumin mai iyali ne. Ni ba ni da iyali? Har yau in na wuce ta layin zuciyata tafasa take yi. Bakanike ya zo ƙofar gidanka ya yi aiki kana zaune a kan benci kana kallo.

Maman Nana: Ɗan'uwa, ni ban san inji ba, amma na san adashi. Matar nan ta zuba kuɗinta wata da watanni, wataƙila da abin da ta yi niyya. Ka sa mata ranar biya kuwa? Nawa mijin haka ya karɓi kuɗin awakina ya sa a wata tsohuwar mota, yau shekara 3 kaji ke ƙwai a cikinta, in na yi magana a ce ba ni da haƙuri. Ka sayar da su duka biyu ka sayi babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Gobe-gobe za ka fara shigo da kuɗin cefane.

Ɗan Garin Malam: Hajiya, maiɗakina da kanta ta kawo kuɗin, ban roƙe ta ba, ta san abin da motar nan take a wurina. Kuma mai ƙafa uku ba zai ɗauki buhu 10 ya keta rairayin ƙauye ba. Sayarwa ba ta cikin lissafina, shawarar haɗawa na zo nema.

Sani Gazuwal: Ni da ni ne da na nemi injin gazuwal, Indenor 2.3, na sa mata. Mai kafireta shan esansi, wato fetur, gare shi kamar raƙumi ya samu rijiya. Duk ribar kakar a tiyon gidan mai za ta ƙare.

Baba Mai Gareji: Sani, da wane kuɗi? Mutum ya ce jikka 120 gare shi. Gazuwal sai batir babba, sai matatar mai, sai layin da ke mayar da mai tanki, sai a sake wayoyi saboda masu ɗumama inji, ga nauyi a gaba. Kuma kart giriz ɗinsa, wato takardar rajistar mota, esansi aka rubuta, sai ya bi ofis a gyara. Kada ku rikita yaron nan. XN1 ko a Tanut ya tsaya, yaro ɗan shekara 15 zai tayar da shi da sukundireba. Kayansa kuma suna nan a gari, abin da aka rasa a aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Abu Hanifa Zango: Har yanzu ba ka amsa maganar takardu ba. 505 ɗin lambar ina gare ta? In ta ƙetaro iyaka ne ba ta bi ta duwan, wato kwastan, ba, ko kuma tana da wani tarihi, lambar da ke jikin inji za ta biyo ka. Ka koma wurin dattijon ya rubuta maka takardar sayarwa, da lambar shasi da ta inji, da shaidu biyu. Sannan kart giriz ɗin bashe da sunan marigayi take, ga asirans, wato inshora, ga bizit, wato gwajin lafiyar mota. Waɗannan ma kuɗi ne, kuma jandarma ba ruwansu da tazbahar da ke madubi.

Ɗan Garin Malam: Takardun bashe suna nan cif a cikin jakar Baba. Na 505 kuwa ba tuƙa ta zan yi ba, inji kawai nake so, shi ya sa ban matsa ba.

Ƙaramin Bakanike Karkada: Da izinin Baba, ni ina da ja. Injin da ba a ji tashinsa ba, ba na ɗora shi a mota sai na buɗe kilas, wato kan inji, na ga cikinsa. A sa gasket sabo, a duba bawul, a huta. In ba haka ba ka ɗora, ka ɗaure, ka ga hayaƙi, ka sake saukewa, aiki biyu kuɗi biyu.

Baba Mai Gareji: Ka ga irin taku ta yaran yanzu, komai a buɗe. Ka san injin nan shemiz ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune? Ba a jikin bulok aka fafe ramin fistin ba, sanya su aka yi, kilas ne ke danne su, a gindinsu akwai abin da ke tare ruwa. Ka cire kilas, wani ya juya inji ko kaɗan ba a danne su ba, shemiz ya ɗaga, shi ke nan ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Na ga injuna masu rai da aka kashe ta haka, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Yaro, ga abin da za ka yi, kuma kada ka cire ƙusa ko ɗaya kafin ka yi shi. Injin yana cikin 505 tukuna, ko? To ari batir. Zare sandar gwada baƙin mai ka duba launinsa. Cire fulogi huɗu, ɗiga mai kaɗan a kowane rami, a juya, a auna ƙarfin matsin kowane fistin, kada wani ya yi ƙasa da ƴan'uwansa sosai. Sannan a ba kafireta esansi daga galan a tayar, a bar shi ya yi zafi, ka buɗe ido a kan bakin lagireto ko ruwa na kumfa. In ya wuce wannan, ɗora shi yadda yake.

Ƙaramin Bakanike Karkada: Baba, ai ana danne shemiz da zoben ƙarfe da ƙusa kafin a juya, mu ma mun koya. Injin da ya sha zafi a baya, awo ba ya nuna komai da komai.

Direban Tanut: Duk ku biyun gareji kuke kare wa. Ni dai na faɗa, a ƙofar gida.

Ɗan Garin Malam: Jama'a, yanzu na dawo daga wurin motar da tocila. Na zare sandar, man ba baƙi ba ne sosai, ya yi kamar shayi da madara, kuma a ƙarƙashin murfin zuba mai akwai wani farin abu mai kauri. Amma ku sani motar ta yi damina guda a waje, bonet ɗin ba ya rufuwa daidai, ina ganin ruwan sama ne ya shiga. Dattijon nan ba zai yi mini ƙarya ba, a masallaci ɗaya suke salla da kawuna.

Baba Mai Gareji: Murfin zuba mai yana rufe lokacin da ka same ta ko a buɗe? Amsa mini wannan kafin komai. Kuma kada ka tayar da shi da man nan a ciki.

Ƙaramin Bakanike Karkada: To Baba, yanzu a buɗe kilas ko kada a buɗe?

Ɗan Garin Malam: Ban tuna ba Baba, ina jin a rufe yake, amma ba a murɗe sosai ba. Na riga na ba bakanike jikka 30 kafin alƙalami, ya ce ranar Asabar zai zo da sarƙar ɗaga inji, ba zan iya ce masa ya fasa ba. Akwai wanda zai ara mini batir a Garin Malam ko Birni zuwa gobe da la'asar?