Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa

Ɗan Birni: Salama jama'a. Jiya muka yi sa-in-sa da kawuna. Hirar gasar matasan makaɗa muke yi, wadda BBC ke shiryawa a Birtaniya duk bayan shekara biyu tun 1978. Na kawo masa labarin Sheku Kanneh-Mason, yaron Nottingham da ya cinye ta a 2016 yana ɗan shekara 17, da ƙaton gogen nan na Turawa da ake kafawa tsakanin gwiwoyi. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci. Kawu ya taɓe baki ya jefo mini wannan karin maganar. Wai hana yabo take nufi ko jinkirta shi?

Malam Na-Tudu: Jinkirtawa. Shata ma sai 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi dakta, lokacin ya haura sittin.

Uwar Biyu: Malam, ai ba daktar ce ta yi Shata ba. Kuma kawu ya ɗora magana inda ba ta hau ba, wanda ake wa tsoron gado ake faɗa wa ita. Yaron nan su bakwai ne a gidansu, duk makaɗa. Ina kuturtar? Shekara biyu da cin gasar shi ya yi kiɗa a ɗaurin auren Yarima Harry.

'Yar Zage-zagi: Kun tuna mini kakata, Allah ya jiƙanta. Gwanar kiɗan ƙwarya ce, ba a biki a unguwarmu ba ita. Akwai wata 'yar riƙonta mai hannu kamar me. Ran wani wuni aka ba yarinyar ƙwarya, mata suka miƙe suna guɗa, aka lulluɓe ta da liƙi, wata Hajiya har ta yafa mata mayafinta. Suna komawa gida Iya ta kife ƙwaryar a ƙarƙashin gado, ta mayar da ita amshi. Wai kai zai kumbura. Shekara uku tana amshi, ko taɓa ƙwarya ba ta yi ba. Ana cikin haka aka yi mata aure can nesa, gidan da ba a kiɗa. Iya har ta rasu, in an ambaci yarinyar sai ta yi shiru ta kama wata hira.

Malam Na-Tudu: Allah sarki. Amma tarbiyya ta yi mata.

Uwar Biyu: Tarbiyya ko kishi?

'Yar Zage-zagi: Kul, Uwar Biyu, kakata ce fa!

Sarkin Tsokana: Ku kuna ta yaro mai goge. Mu nan wani kwana ɗari da hawa kujera aka kai masa kambun gwarzon shekara a otal, ko rijiya bai haƙa ba.

Ɗan Birni: Wannan ai yatsunsa goma cif.

Sarkin Tsokana: Cif kuwa, duk suna cikin baitulmali.

Baban Ummi: Ni dai a wajenmu "da yatsu" muke cewa. Yatsa ɗaya me zai kaɗa? 'Yar Zage-zagi, ƙwaryar tana nan?

'Yar Zage-zagi: Tana nan. Gwaggona ke dama fura a ciki.