Neman shawara: littafina ya tsaya a babi na 12 fiye da shekara guda

Maman Sadiya, Gusau:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da malamaina da 'yan'uwana marubuta da ke wannan zaure, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Na daɗe ina bibiyar abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na ce uffan ba, amma yau damuwa ta sa na kawo kukana gare ku.

Ni malamar firamare ce, ina da aure da 'ya'ya uku, kuma ban taɓa wallafa littafi ba. Kusan shekara biyu ke nan da na fara rubuta ƙagaggen labari a kan wata mata da mijinta ya tafi ci-rani Kudu ya bar ta da yara huɗu, shekara bakwai babu aike, babu saki. Babi 11 na farko sun zo mini cikin sauƙi, domin a wata bakwai na rubuta su, wani lokaci a littafin rubutu irin na ɗalibai, wani lokaci a waya bayan yara sun yi barci. Kowane babi yana kai kimanin kalmomi 2,500, kuma a tsarina littafin zai ƙare a babi na 20. Da na iso babi na 12 sai alƙalamina ya ƙafe, yau wata 14 ban ƙara ko sakin layi ɗaya mai amfani ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ban daina son labarin ba. Ina tunaninsa a bakin murhu, ina tunaninsa a hanyar makaranta, amma da zarar na zauna da niyyar rubutu sai in tuna da wankin da ban yi ba, ko takardun jarrabawar da ban duba ba, ko kuma in ce bari in leƙa WhatsApp na minti biyar, kafin in farga dare ya raba kuma cajin waya ya ƙare. Na ce sai hutun ƙarshen zango, hutu ya zo ya wuce. Na ce sai bayan azumi, aka yi ƙaramar Salla aka yi babba. Idan ma na matsa wa kaina na buɗe littafin, babi na ɗaya nake komawa in yi ta gyara, har na sake rubuta shi sau shida.

Don Allah ku gaya mini gaskiya: kasala ce ke damuna, ko kuwa dama ba ni da baiwar? Kuma in haƙura da wannan in fara wani sabo, ko in ci gaba da jira?

Baba Malam, Katsina:

Wa alaikumus salam. 'Yata, na koyar da Hausa shekara talatin kafin in yi ritaya, kuma ina tabbatar miki cewa wanda ba shi da baiwa ba ya rubuta babi 11 a wata bakwai, saboda haka ki ajiye wannan tambayar a gefe. Jira kuwa ba zai kawo miki komai ba, domin basira takan iske mutum ne a kan aiki.

Bari mu yi lissafi. Babi tara suka rage miki, kowane kalmomi 2,500, wato 22,500 gaba ɗaya. Idan kika rubuta kalma 300 a kullum, wanda bai fi shafi ɗaya da rabi na littafin ɗalibai ba, cikin kwana 75 kin kammala. Ki zaɓi rabin awa bayan sallar asuba, kafin a ɗora ruwan wankan yara, ki bar waya a wani ɗaki, ki yi aiki da biro da takarda. Kada ki jira hutu, domin hutun matar aure mai yara uku ya fi ranakun aiki cika da hidima. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ki kuma lizimci addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake neman tsari da ita daga gajiyawa da kasala.

Babi na ɗaya kuwa ki rabu da shi. Gyara yana da daɗi saboda yana sa mutum ya ji kamar yana aiki alhali bai gusa ba, kuma ba za ki san yadda farkon littafi ya kamata ya kasance ba sai kin ga ƙarshensa. A 1933, lokacin da Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai na Hausa, malaman makaranta irinki ne suka yi fice: Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina yana ɗan shekara 22, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana Midil ta Bauchi. Su ma suna da aji da ɗalibai, sai dai su an yanka musu ranar miƙa aiki. Ke ma ki yanka wa kanki rana, ki faɗa wa wanda kike jin nauyinsa.

Ummu Yasir, Kano:

Anti, ni abin da ya raba ni da jinkiri shi ne masu karatu. Na buɗe rukuni a WhatsApp, ina kuma sakawa a manhajar karanta labarai ta Wattpad, sau uku a mako, kuma duk ranar da na makara saƙonni ba sa barina in zauna lafiya. Da haka na gama littattafai biyu. Tunda kina da babi 11 a hannu, ki fara sakin su ɗaya bayan ɗaya, kafin a iso na 12 kin sami kusan wata guda na shiri, kuma kunyar mutane kaɗai za ta zaunar da ke ki rubuta.

Abu Fatima, Zariya:

Ina girmama shawarar 'yar'uwa Ummu Yasir, kuma na san ta yi wa mutane da yawa aiki, amma ban ga dacewarta ga Malama a halin da take ciki ba. Na taɓa bin wannan hanya, sai masu karatu suka karɓe mini linzamin labari: wannan ta ce kada a kashe wane, wancan ya ce a haɗa wance da wane aure, ni kuma don gudun ɓacin ransu na riƙa lanƙwasa jigo har ya tashi daga abin da na yi niyya. Bayan haka na tsinci labarin yana yawo a wasu rukunoni an cire sunana. Ga kuma matsalar cewa abin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa, ko da daga baya marubuci ya gano ya yi kuskure a babi na uku.

Mai karatu ɗaya ko biyu masu amana sun wadatar a wannan mataki. Idan kuma da hali, Malama ta nemi zaman marubuta na ido da ido. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma a irin zamanta akan karanta aiki a yi masa sharhi tun bai fita ba.

Hajiya Inna, Sakkwato:

'Yar'uwa, duk abin da aka faɗa miki gaskiya ne, sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mai kasala tun farko take kasala, ba ta yin gudu wata bakwai sannan ta tsaya cak a wuri guda. Ke kuma ba rubutu kika daina ba, tunda kin sake babi na ɗaya har sau shida. Babi na 12 kaɗai kike kewayewa. Me ke faruwa a cikinsa? Idan ba za ki damu ba, ki ba mu shi a taƙaice.

Maman Sadiya, Gusau:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Hajiya, tambayarki ta hana ni barci jiya, kuma tunda ranar wanka ba a ɓoye cibi, zan faɗa. A babi na 12 ne tauraruwar labarin za ta kai ƙara gaban alƙali tana neman a raba auren, mahaifinta kuma ya rantse cewa idan ta taka kotu ba shi ba ita. Gaskiyar magana, abin da ya sami Yayata ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ina gida lokacin da aka yi wannan rikici. Babanmu yana raye, sun shirya da ita tuntuni, ba a ƙara tayar da maganar ba. Duk lokacin da na zo rubuta kalaman uban a cikin labari, muryar Babanmu nake ji, sai hannuna ya yi sanyi, in ga kamar ina tona asirin gidanmu ne, ko ina cin naman mahaifina. Bayan wannan, ni ban taɓa shiga kotu ba, ban san abin da ake faɗa a ciki ba, domin ranar da Yaya ta je ba a bar ni na bi ta ba.

Hajiya Inna, Sakkwato:

To, kin ga ashe ƙulli biyu ne, kuma babu kasala a cikinsu. Tsoron da kike ji alama ce ta tarbiyya, kada ki raina shi, amma ki bambance tsakanin rubutawa da wallafawa. Abin da kika rubuta a littafinki kika rufe a akwati bai tona asirin kowa ba. Ki rubuta babin yadda ya zo miki, da dukkan zafinsa, da sanin cewa babu idon da zai gan shi a haka. Lokacin tacewa ne za ki nisanta shi daga gidanku: ki sauya gari, ki sauya sana'ar mijin da yawan yaran, ki cire duk wata kalma da dangi za su ji su ce ai wane ne ya faɗe ta. Matan da aka bari babu ci babu saki suna da yawa a ƙasar nan, har ma na tabbata kowace unguwa za a ce da mutanenta kike.

Game da uban kuwa, ina zargin kin tsaya ne saboda a yanzu mugu kawai yake a cikin labarin, zuciyarki kuma ta san Babanku ba mugu ba ne. Ki ɗauki takarda daban ki bar shi ya yi magana da bakinsa, shafi ɗaya ko biyu, ba don a sa a littafi ba. Me yake tsoro? Wataƙila shi ya ba da auren ga ɗan amininsa, yana jin kunyar haɗa ido da shi a masallaci. Wataƙila yana tunanin ƙannenta da ba su yi aure ba, da abin da za a ce da gidan da 'yarsa ta kai miji kotu. Wataƙila ma hatsin da ke rumbunsa yake lissafawa, yana ganin ba zai iya riƙe mutum biyar ba. Ranar da kika fahimci hujjarsa, ko da ba ki yarda da ita ba, za ki iya rubuta shi ba tare da kin zalunce shi ba, kuma babin zai fi taɓa zuciya, domin mai karatu zai tausaya wa su biyun. Idan duk da haka ya ƙi, ki tsallake shi ki rubuta na 13, babu dokar da ta ce sai an bi babi a jere.

Abu Hafsat, Kaduna:

Malama, ƙulli na biyu mai sauƙi ne. Na yi aikin rajista a kotun shari'ar Musulunci na wasu shekaru, kuma galibin zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Ki nemi izinin maigida, ki je da safe ki zauna a bencin baya sau biyu ko uku. Za ki ga yadda ake kiran ƙara, yadda alƙali yake tambayar mai ƙara da'awarta, yadda ake aika sammaci, da yadda ake neman shaidu a kan cewa mijin ya yi nisa kuma bai bar abin ciyarwa ba. Irin wannan shari'a ba a gama ta a zama ɗaya, akan ɗaga ta a ba da wa'adi, saboda haka mai yiwuwa abin da kika ɗauka babi ɗaya ne ya zama biyu. Ki lura da waɗanda ke zaune a waje suna jira, da wanda ya rako mace da wanda bai rako ta ba. Sai dai kada ki ɗauki sunan kowa ko ki naɗi murya.

Maman Sadiya, Gusau:

Allah ya biya ku da Aljanna. Yau bayan asuba na bar waya a ɗakin yara kamar yadda Baba ya ce, na rubuta maganar uban da bakinsa, ta kai kalma 340, kuma na yi kuka kafin in gama. Maigida ya amince in je kotu ranar Talata ta makon farko na hutu, ya kuma karɓi babi 11 ɗin ya kulle a durowarsa don kada in koma gyara su. Na yanka wa kaina ƙarshen zango mai zuwa. Tambaya ɗaya ta rage, Hajiya: in gaya wa Yaya tun yanzu, ko in bari sai na gama?

Hajiya Inna, Sakkwato:

Ki bari sai kin kai babi na 20, domin idan kika gaya mata yanzu, da idonta za ki riƙa rubuta kowane layi. Amma da zarar kin gama, ita ce za ta fara karantawa kafin kowa, kuma ki je da kanki ki kai mata har ɗakinta, kada ki tura ta waya. Duk abin da ta ce a cire, ki zauna ki saurari dalilinta kafin ki kai wa mai tacewa.