Yawon mota a Maroko: abin da ɗalibanmu suka ce

A wata fada da ke unguwar Zariya a Maraɗi, samarin da suka yi karatu a Maroko sun ba ƙannensu masu shirin tafiya shawara kan yawon mota lokacin hutu. Ga abin da na tsinta.

Takardu suka fi cin lokacin hirar. Katin zama, fasfo da farmi (takardar izinin tuƙi) su kasance a aljihu, ba cikin jakar da ke bayan mota ba, domin jandarmomi na tsayar da motoci a mashigar garuruwa. Masu ba da hayar mota galibi ba sa miƙa makulli ga wanda bai kai shekara 21 ba. Wanda sunansa ke kan takardar haya shi kaɗai zai tuƙa, in ba haka ba inshora ta wanke hannunta. A ɗauki hoton motar ta ko'ina kafin a tashi.

Daga Rabat zuwa Marrakesh babbar hanya ce ta biyan kuɗi, iyakar gudu kilomita 120 a awa. Wahalar tana gaba, a hanyar Marrakesh zuwa garin Warzazat: ana hawa Tizi n'Tichka, wata mashiga a kan duwatsu mai tsayin sama da mita 2,200, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ɗan Maraɗi da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Damagaram kada ya shiga wannan hanyar duwatsu da dare, balle a Janairu da ƙanƙara kan rufe ta.

Kan kuɗi aka yi gardama. Wasu sun ce kowa ya biya nasa, amma ni ina bayan masu cewa a tara kuɗin mai da na masauki hannun mutum ɗaya tun daga gida.