Da gaske ne kowa zai iya riƙe motar lantarki?

Mai Buɗe Zaure: Jama'a, ga maganar da ke gabanmu yau. Wai duk wanda ke iya riƙe motar fetur zai iya riƙe ta lantarki ba tare da ya sauya komai ba, tunda ba ta son gyara, caji kuwa jona ta kawai za ka yi ka je ka kwanta. Masu sani, a warware mana.

Injiniya: Ni ina bayan maganar, kuma lissafi ne hujjata. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin kilowat-awa (ma'aunin yawan wutar da aka sha) 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Wanda zirga-zirgarsa ta yini ba ta wuce kilomita 40 ba, abin da ya ƙone wajen kilowat-awa 7 ne, a ce 8 idan an haɗa da wutar da ke salwanta a wajen caji. Soket ɗin bango mai volt 230 da amfiya 10 yana ba da kilowat 2.3, wato cikin awa uku da rabi ya mayar da abin da aka ci. Batir mai kilowat-awa 60 kuwa ya ishi irin wannan mutumin mako guda. Mutane suna tambayar awa nawa ake yi kafin a cika batir daga sifili, alhali ba a barin sa ya kai sifili. Kullum ɗan ciko ne.

Mai Haɗa Wuta: Injiniya, lissafinka daidai ne a takarda, amma soket ɗin nan da ka wuce da sauri, nan ne gizo ke saƙar. Soket na gida an yi shi ne don kayan da ke jan wuta na ɗan lokaci su huta. Mota tana jan amfiya 10 ba tsayawa, awa bayan awa. Idan bakin soket ya ɗan saki, ko dunƙulen da ya riƙe waya a baya bai ɗauru ba, wurin zai riƙa ɗaukar zafi, robar ta fara canza launi, ta narke. Mafi muni shi ne a jona da doguwar wayar ƙari, musamman a bar ta a naɗe, domin zafin ba ya samun hanyar fita.

Wanda zai yi abin da kyau sai ya sa cajar bango. Mai kilowat 7.4 tana jan amfiya 32 a layi ɗaya, don haka tana son wayarta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, kauri aƙalla milimita 6 murabba'i, a ƙara idan tazarar da nisa. Tana son makatsin wuta nata, da na'urar kariya daga yoyon wuta irin wadda ke gane yoyon wutar batir, ba ta gida ta yau da kullum kaɗai ba. Sannan dole wayar ƙasa ta kasance lafiya lau. Caja da yawa idan ba su ga wayar ƙasa ba ko motsi ba za su yi ba, shi ya sa suke yawan ƙin karɓar wutar janareta. Kafin duk wannan a duba ko layin da ya shigo gidan zai ɗauki amfiya 32 a kan na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa. Wannan shi ne “ba a sauya komai ba”?

Injiniya: Aikin rana ɗaya ne, Malam, a yi shi sau ɗaya a manta. Daga nan kashi 20 zuwa 80 na batir mai 60 awa biyar ne kacal.

Mai Haɗa Wuta: Ga mai gida da wurin ajiye mota. Wanda ke haya a bene na uku, motarsa na kwana a bakin titi, ina zai kafa ta?

Injiniya: Wannan kam na sallama. Shi sai cajar wurin aiki ko ta kan hanya.

Direban Dogon Zango: To a zo kan hanya ɗin. Kilomitar da kamfani ke rubutawa ta gwaji ce, mai haɗe da tafiyar cikin gari a hankali. Iskar da ke tokare mota tana ƙaruwa ninki huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka motar da ke cin 16 a cikin gari za ta iya cin 22 ko fiye idan an ɗora ta a 120. Kuma a doguwar tafiya ba duka batir ake mora ba. Ana tsayawa caji a wajen kashi 10, a cire a kashi 80, domin daga 80 zuwa sama motar da kanta take rage ƙarfin wutar da take karɓa don kare batir, har ragowar kashi 20 ɗin ya ci lokaci kusan daidai da na farko. Kashi 70 na batir mai 60 shi ne 42. Raba da 22, ba ka kai kilomita 200 ba tsakanin zango da zango.

Wani abin da sababbin shiga ba sa ganewa: lambar da ke jikin caja ba ita ce abin da mota za ta sha ba. Ka jona motar da iyakarta kilowat 50 a caja mai 350, 50 za ta ɗauka. Haka a caja ta a-hankali mai 22, idan cajar cikin motar, wato na'urar da ke juya wutar layi zuwa ta batir, 7.4 ce, nan za ta tsaya. Akwai masu sauri, Hyundai Ioniq 5 mai tsarin volt 800 tana yin 10 zuwa 80 cikin kimanin minti 18 idan ta samu caja mai ƙarfi kuma batir yana da ɗumin da ya dace. Yawancin motoci rabin awa ne ko fiye. Ga kuma bakin caja ba iri ɗaya ba ne: Turai CCS2, China GB/T, tsofaffin Nissan Leaf CHAdeMO, Amurka CCS1 da na Tesla. Wanda ya sayo mota daga wata nahiya bai duba wannan ba, zai tsaya gaban caja yana kallo.

Makaniki: Ni batun “ba ta son gyara” ne ya tsaya mini. Gaskiya babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu kuloci. Amma mota ce. Nauyin batir da ƙarfin fizga tun daga tashi suna cin taya fiye da na takwararta ta fetur. Birki kuma matsalarsa a juye take: tunda motar tana rage gudu da injinta tana mayar da wuta cikin batir, takalmin birki yana daɗewa, amma faifan yana tsatsa, maƙallan su ƙage saboda rashin aiki. Maganinsa a riƙa taka birki da ɗan ƙarfi lokaci-lokaci, a kuma buɗe a goge a shafa mai. Man birki yana shan danshi ko an taka ko ba a taka ba, galibi shekara biyu ake canza shi.

Abin da ya fi ajiye masu ita a hanya kuwa ƙaramin batir ne mai volt 12. Shi ke tayar da kwamfutar mota, shi ke rufe makunnin da ke haɗa babban batir. Ya mutu, ko babban yana cike fal motar ba za ta kunnu ba. Idan ta tsaya kuma kada a ja ta da igiya tayoyin da injin ke juyawa suna ƙasa, domin injin zai riƙa haifar da wuta ya lalata kayan sarrafa ta. A ɗora ta a bayan janwe. Wayoyin babban batir masu launin ruwan lemo kuwa volt 400 ne ko 800. Wanda bai koyi aikin ba, ba shi da safar hannu mai jure volt 1000, bai san inda ake zare makatsin babban batir ba, kada ya kusance su.

Malamar Kimiyya: Bari in ɗan kare motar a inda ake yawan yi mata ƙazafi, wato cewa batir zai mutu cikin shekara uku. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, da alƙawarin ƙarfinsa ba zai faɗi ƙasa da kashi 70 ba. Batir ba ya mutuwa farat ɗaya, raguwa yake a hankali. Abin da ke tsufar da shi uku ne: zafi, daɗewa a cike, da yawan cajin gaggawa yana da zafi. Tsoron ya samo asali ne daga Nissan Leaf ta farko ta 2010 mai kilowat-awa 24, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya, ya kuma ragu da wuri a wurare masu zafi irin jihar Arizona. Na yanzu galibi ruwa ke zagaya su.

Sai a san irin batirin da aka saya. Mai sinadarin nikel, wanda ake kira NMC, a tsayar da cajinsa na kullum a kashi 80, a cika shi sai ranar tafiya. Mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wato LFP, ya fi haƙuri, har ma ana so a riƙa kai shi 100 a kai a kai, domin ta haka kwamfutar ke gyara lissafin abin da ya rage. In ba haka ba allon zai nuna saura 15 alhali ya kusa ƙarewa.

Direban Dogon Zango: Malama, ba ki taɓo yanayi ba.

Malamar Kimiyya: Sanyi ya fi zafi cin zango. Injin fetur yana zubar da mafi yawan ƙarfin man a matsayin zafi, da shi ake dumama cikin mota kyauta. Ta lantarki ba ta da wannan rarar, daga batir take ɗiba, kilowat uku zuwa biyar a tsananin sanyi, yayin da sanyaya mota ke cin ɗaya zuwa biyu. Dabarar ita ce a dumama ko a sanyaya ta tun tana jone. Amma ka lura, Norway da ke fama da dusar ƙanƙara, a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar can na lantarki ne zalla.

Mai Haɗa Wuta: Saboda caja ta wadatu, wuta kuma tsayayya ce. Inda wuta ke rawa, cajar tana katsewa duk lokacin da ƙarfin ya faɗi ƙasa da abin da ta yarda da shi, ka tashi da safe ka tarar ba ta ɗauki komai ba. Masu cewa a sa sola, faifan kilowat ɗaya yana ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini a inda rana ta wadata, don haka kilowat 2 ya biya kilomita 40 ɗin Injiniya. Sai dai lokacin da rana ke bugawa motar tana wurin aiki, dole a ƙara batirin gida da zai riƙe wutar zuwa dare.

Makaniki: Kuma mai sayen ta hannu kada ya tsaya kallon kilomita. A jona na'urar bincike a karanto lafiyar batir da bambancin ƙarfi tsakanin ƙwayoyinsa, a ɗaga motar a duba ƙasan akwatin batir ko ya taɓa bugun dutse. Lotsawa ƙarama a nan tana iya sa a ce sai an canza shi gaba ɗaya.

Injiniya: To a gyara maganar, a cire “kowa”. Amma a kan gyara ina nan a kan bakana, Makaniki: taya da birki da batirin 12 duk motar fetur ma tana da su.

Makaniki: Tana da su, kuma kowane gareji zai taɓa su. Ranar da cajar cikin motar ta ƙone fa, wa zai buɗe ta?