Su Frodo mutane ne ko wata halitta ce daban?

Ɗan Auta: Jama'a, ku raba ni da Yaya Dogo. Ya dage wai Frodo da Bilbo, 'yan jinsin Hobbit na littafin The Lord of the Rings, mutane ne kamar mu. Halittar da ba ta wuce ƙafa huɗu ba, gashi har kan yatsun ƙafa, ba ta sa takalmi, tana kwana a rami, ita ce mutum?

Dogo: Ƙanena, in tsawo ne mutum ai duk na fi ku zama mutum. Ramin da kake rainawa kuwa har da ƙofa da kujeru da ɗakin ajiyar abinci. Tolkien, marubucin littafin, da kansa, a wasiƙar da ya rubuta wa Milton Waldman a 1951, ya ce Hobbit reshe ne na jinsin mutane, ba Elf ba ne, ba Dwarf ba ne. Mai abu ya yi magana.

Uwargida: Wasiƙa daban, littafi daban, Dogo. Da Treebeard, tsohon nan mai siffar bishiya, ya jero sunayen halittu a waƙarsa bai ga inda zai saka Merry da Pippin, Hobbit abokan Frodo, ba. Me Pippin ya roƙa? A ƙara musu nasu layin kusa da na mutane. Kusa fa ya ce, bai ce a cusa su ciki ba.

Malamin Makaranta: Hajiya, wannan hujja ce mai nauyi, amma yadda al'umma take kallon kanta ba shi ne asalinta ba. A garin Bree mutane da Hobbit wuri ɗaya suke zaune, masauki ɗaya suke shiga. Ni ma'aunina mutuwa ce. Elf ba ya mutuwa don tsufa, yana nan muddin duniya tana nan. Mutum kuwa dole ya tafi. Hobbit yana cika hankali a shekara 33, ya tsufa, ya mutu. Bilbo da ya kai 131 ma abin mamaki ne a wajensu, don tsohon da ya fi kowa daɗewa kafinsa a 130 ya tsaya.

Ɗan Auta: To Gollum fa, Malam, wanda asalinsa dangin Hobbit ne? Ya haura shekara 500.

Malamin Makaranta: Zoben tsafin nan da ya riƙe ne ya ja masa kwana. Haka nasu zobban suka yi wa manyan nan tara da suka zama Nazgûl, fatalwowin zobe, su kuma ba mai musun mutane ne tun asali.

Uwargida: Ai in da ma'aunin Malam za a bi, Aragorn, jarumin da ya zama sarkin mutane, ya fi su Frodo abin tuhuma. Yana da shekara 87 yake fagen yaƙi, sai da ya kai 210 sannan ya rasu. Kakan kakanninsa Elros, ɗan'uwan Elrond, ruwa biyu ne, Elf da mutum, shekara 500 ya yi.

Dogo: Amma Elros da bakinsa ya zaɓi ƙaddarar mutane, kuma ya mutu. Zancen ya dawo wajen Malam.

Uwargida: Bai dawo ba tukuna. Mutum ya auri Elf har sau uku sanannu: Beren da Lúthien, Tuor da Idril, Aragorn da Arwen, duk sun haihu. Ku nuna min aure ɗaya tsakanin Hobbit da mutum a littattafan nan. In dangi ne na kusa, me ya hana?

Dogo: Hajiya, surukin da sai ya durƙusa kafin ya shiga zaure, wa zai ba shi 'ya?

Ɗan Auta: Yaya, wannan zolaya ce, ba amsa ba. Muna jira.