Ruwa ya ƙi shiga bayan aikin rage tumbi, ya kuka yi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda aka taɓa yi wa aikin rage tumbi ko suka yi jinyar wanda aka yi wa, ku taimaka min da shawara. An yi min nawa a Alkahira, irin wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, ko sati biyu ban cika ba na dawo gida Kano, kuma kun san garin nan a watan Afrilu ga zafi ga ba wuta. Likita ya ce in riƙa shan lita 1 da rabi zuwa 2 a rana, to wallahi ni leda biyu ta fiya wata ma da ƙyar nake ƙararwa daga safe har dare, ina kurɓa sai in ji ya tokare min ƙirji zuciyata ta hau tashi, ɗanɗanon ruwan ma ya canza min gaba ɗaya. Fitsarina ya fara yin duhu kuma in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Haka kowa yake yi ko in koma asibiti?

Ummu Sadiq:
Wa'alaikumus salam, sannu 'yar uwa Allah Ya ba ki lafiya. Ni ma an yi min kuma na sha wannan wahalar, satin farko tumbin a kumbure yake daga ciki shi ya sa komai ƙanƙantar abu yake tsayawa. Abin da ya taimake ni shi ne na ajiye kofi gaba ɗaya, na koma ɗan murfin nan da ake auna maganin tari na yara, ko sirinji babba, ki auna mil 30 ki shanye shi a hankali cikin minti 15, in ya ƙare ki sake zubawa. Ki lissafa ki gani, mil 120 ke nan a awa, in kin yi awa 14 ido biyu kin wuce lita 1 da rabi ba tare da kin taɓa kwankwaɗa ba. Ki sa alam a waya don ƙishirwa ba za ta riƙa tuna miki kamar da ba, kuma in kika yi sake safiya ta wuce ba ki sha ba, ba ki da wurin da za ki rama da yamma, wannan shi ne abin da mutane ba sa ganewa. Sannan ki gwada canza yanayin ruwan, ni mai sanyi ƙarara murɗa min ciki yake yi sai mai ɗumi-ɗumi, amma na san wata ita kuma ƙanƙara kaɗai take iya tsotsa.

Baban Khairat:
Allah Ya sawwaƙe Hajiya. In ruwa zalla ya gundure ki me zai hana ki koma zoɓo ko kunun aya mai sanyi, ai duk ruwa ne kuma sun fi daɗin haɗiya.

Anti Nas:
Baban Khairat ka yi haƙuri, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma zoɓon da ake sayarwa cike yake da suga da citta da kanumfari ga tsami, tumbin da ɗinkinsa bai warke ba ba zai ɗauka ba, kuma suga mai yawa kan sa wasu zufa da bugun zuciya da gudawa, gudawa kuwa ruwan jikin take ƙara kwashewa. Lemon kwalba mai gas ma a bar shi, haka kofi da shayi mai ƙarfi a wannan ɗan tsakanin, da zuƙa da siririyar robar nan ta zuƙar lemo (straw) don iska take turawa ciki. Abin da za ki iya sauya baki da shi shi ne romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man ba yaji, ko na'ana'a a ruwan ɗumi ba suga. Kuma in aka kai ki matakin abinci mai laushi kar ki haɗa ci da sha, ki ba da tazarar minti 30 kafin ci da bayan ci.

Amma Maman Ilham ni abin da ya tsaya min a maganarki shi ne jirin nan da duhun fitsari. Ina aikin jinya kuma ƙarancin ruwa yana cikin manyan abubuwan da suke dawo da masu wannan aikin gadon asibiti a watan farko. Dan Allah kar ki bari sai gobe, yau ki sa a kai ki asibiti ki tafi da takardun aikin naki, a auna jininki da bugun zuciya, in da buƙata a sa miki ƙarin ruwa leda ɗaya ko biyu, sau da yawa da jiki ya samu ruwa tashin zuciyar ma raguwa take yi sai ki ga shan ya yi sauƙi. Ki tambaye su maganin tashin zuciya, kuma in amai kike yi kullum ki faɗa musu ƙarara saboda bitamin B1 yana saurin ƙarewa a jikin mai amai kuma rashinsa yana taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa. In kuma akwai zazzaɓi, ko zuciya na gudu sama da 120 a minti, ko ciwon ciki mai tsanani da ke harbawa kafaɗar hagu, ko numfashi na sarƙewa, wannan na gaggawa ne don yana iya zama ɗinkin ne yake yoyo. Azumin nafila ma ki ajiye shi tukuna sai likitanki ya ba ki dama.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah Ya saka muku da alheri. Anti ba zazzaɓi alhamdulillah, aman ma ba kullum ba ne, amma na kira Abban Ilham yana hanya yanzu zai kai ni, kuma na tura wa likitan da ya yi min aikin saƙo ta WhatsApp. Ummu Sadiq na wanke murfin maganin na fara da ruwan ɗumi. Ina da tambaya ɗaya, romon da nake sha shi ma ana lissafa shi cikin lita 1 da rabin ko ruwa zalla kawai ake nufi?

Ummu Sadiq:
Ana lissafawa, ni haka aka ce min, romo da shayin na'ana'a duk suna ciki, ki dai riƙa rubutawa a takarda ki tafi da ita ki nuna musu a asibitin.