Wata biyu da wankin haƙori, daskararren datti ya dawo

Assalamu alaikum, likitocin haƙori.

Wata biyu ke nan da aka yi mini wankin haƙori a asibiti, da injin nan mai tsartuwar ruwa. An kankare tas, har harshena na jin tsagar da ke tsakanin haƙoran. Yanzu dattin ya sake daskarewa a bayan haƙoran gaba na ƙasa guda huɗu, rawaya, mai tauri, farce ba ya ɓamɓare shi. Dasashin wurin ya yi ja, yana jini duk safiya. Sauran bakin lafiya lau.

Ina goge baki sau biyu a rana, minti biyu-biyu, da buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid, ina karkata bakin buroshin zuwa dasashi. Aswaki kuma kafin kowace salla. Ba na shan taba, gwajin suga ya fito daidai.

Ruwan kurkure baki na chlorhexidine na yi mako biyu ina amfani da shi. Jinin ya ragu, amma haƙoran suka yi duhu kamar na mai cin goro, na daina. Zaren sakace kuwa tsinkewa yake yi, don biyu daga cikin haƙoran sun hau kan juna. Ƙaramin buroshin tsakanin haƙora ma ya ƙi shiga.

Na san yawu daga ƙarƙashin harshe yake fitowa daidai wurin, shi ya sa dattin ke saurin taruwa. Amma wata biyu?

Da me zan tsabtace tsakanin waɗannan haƙoran da suka cunkushe, tunda zare da ƙaramin buroshi duk sun gaza?